Zauren Tambaya: Kiɗa Ɗaya, Suna Uku

Assalamu alaikum. A fitowar da ta gabata na ambaci cewa mutanen Ingila ma suna da gogensu, kuma ƙauyawansu sun daɗe suna rawa da shi a wurin biki da ranar gama girbi, tun ba a san rediyo ba. Wannan 'yar magana ta jawo wasiƙu, na zaɓi huɗu. Ta farko za ta ci wuri, ku yi haƙuri da ni.

TAMBAYA, daga wani malamin firamare a Mabera: Malam, barka da aiki. Ɗiyana suna kallon wani tsohon katun na matuƙin jirgin ruwa mai cin alayyahu, Popeye, kuma akwai ɗan kiɗa mai sauri da ake buɗe shi da shi. Na biɗi kiɗan a waya, na iske wani wuri an rubuta Sailor's Hornpipe, wani wuri College Hornpipe, wani wurin kuma Jack's the Lad, alhali kunnena yana gaya mini kiɗa guda ne. Wanne ne sunan gaskiya, kuma wa ya ƙirƙiro shi? Mun yi gardama da abokin aikina, shi ya dage masu katun ɗin ne suka yi shi.

AMSA: Malam, kunnenka ya gaya maka gaskiya. Kiɗa ɗaya ne, kuma sunayen nan uku duk nasa ne. Abokin aikinka bai ci gardamar ba. Popeye ya fara fitowa a zanen jarida a Amurka a 1929, ya shiga majigi a 1933, kiɗan kuwa yana rubuce a takarda tun 1770. Masu katun sun yanko kan kiɗan ne suka liƙa a gaban tasu waƙar, domin a lokacin duk Baturen da ya ji shi, teku ce ke faɗo masa a rai.

Mu fara daga takarda. A 1770 wani mutum mai suna William Vickers, a yankin Newcastle da ke bakin kogin Tyne, arewa maso gabashin Ingila, ya buɗe kundi yana rubuta kaɗe-kaɗen rawa da hannunsa. Abin da ya tsira na kundin ya haura kiɗa 500, kuma namu yana ciki, ko da yake takunsa ya ɗan bambanta da wanda ka ji a waya. In kana son auna nisan zamanin da ma'aunin gida, a shekarar nan Shehu Usmanu, Allah ya ƙara masa yarda, bai cika shekara 20 ba, Sakkwaton da muke zaune ciki kuwa saura shekara 39 a kafa ta. Bugun maɗaba'a da aka fi ambata ya zo daga baya, a 1797 ko 1798, daga shagon wani mai sayar da takardun kiɗa a Landan, J. Dale, da sunan College Hornpipe. Sunan bai faɗi wace kwaleji ba, kuma har yau ba a jingina kiɗan ga wani makaɗi guda ba.

Kada a ɗauki 1770 a matsayin shekarar haihuwar kiɗan. Vickers mai tarawa ne. Abin da ake kaɗawa a garinsu, da abin da ya gani a takardun wasu, shi ya kwafa. Kiɗan da ya isa a kwafe shi a Newcastle ya riga ya zaga kenan.

Kalmar hornpipe da ta fito a sunaye biyu asalinta sunan abin busa ne, ɗan bututu mai ƙahon dabba a baki. Mutanen Wales suna da irinsa. Daga abin busa sunan ya koma kan wata rawa, daga rawar ya koma kan duk kiɗan da ake taka ta da shi, ko da goge aka yi. Tsofaffin irin wannan kiɗa bugu uku-uku suke tafiya, kuma irinsu ne mai tsara kiɗa Handel ya sa cikin kiɗan da ya yi wa Sarki George na ɗaya a kan kogin Thames a 1717. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 sai sabon salo mai bugu huɗu-huɗu ya fito ya mamaye gidajen wasa, namu kuwa ɗan wannan salon ne. Ka sake saurarensa da natsuwa. Zubi biyu gare shi, kowane zubi gaɓa 8, a yi na farko sau biyu, a yi na biyu sau biyu, a koma. Ƙarshen kowane zubi kuma akwai bugu uku masu nauyi a jere, inda mai rawa ke dire ƙafa. Da waɗannan bugu uku ake gane ɗan gidan ko daga nesa.

To me ya haɗa shi da teku? Hanya biyu ce. Ta farko jirgin kansa. Rawar ta mutum ɗaya ce, ba ta neman abokiyar rawa, ba ta neman fili, ga katakon jirgi yana amsa ƙafa. Jiragen yaƙin Ingila sukan tafi da mai goge ko mai sarewa, kuma ba don nishaɗi kaɗai ba. Idan za a jawo ƙarfen da ke tsayar da jirgi daga ƙasan ruwa, mutane da yawa ne ke tura wani babban gungume suna zagayawa, makaɗin yana zaune bisansa yana ba su taku. Ana ruwaito cewa Kyaftin James Cook, wanda aka kashe a Hawaii a 1779, yakan sa mutanensa su taka rawar idan iska ta kwanta, don jini ya motsa. Rundunar nan ta ruwa ce Kyaftin Hugh Clapperton ya yi wa aiki kafin ya ratso hamada ya iso Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya dawo a 1826, ajalinsa ya same shi a nan a 1827.

Hanya ta biyu ita ce dandamali, kuma a ganina ita ta fi yin aiki. Daga 1793 zuwa 1815 Ingila tana ta yaƙi da Faransa, jiragen ruwa ne garkuwarta, don haka sojan ruwa ya zama ɗan lelen jama'a. Gidajen wasan kwaikwayo na Landan suka lura da haka. Tsakanin wasa da wasa sai a fito da mai rawa cikin farin wando da 'yar riga irin ta matuƙa, ya taka hornpipe, a yi ta tafi. A 1829 aka fara nuna wasan Black-Eyed Susan na Douglas Jerrold a gidan wasa na Surrey, wani ɗan wasa T. P. Cooke, wanda ya taɓa aikin sojan ruwa yana yaro, ya fito a matsayin matuƙi, rawarsa ta shahara, aka yi darare ɗaruruwa ana cika gida. Motsin da ake koya wa yara yau, a harɗe hannuwa a ƙirji, a yi kamar ana jan igiya, a yi kamar ana hawa tsanin igiya, a sa tafi a goshi ana hangen nesa, an yi su ne don mai kallo ya gane cewa matuƙi ake kwaikwayo. Matuƙi na gaskiya da ya wuni yana jan igiya ba shi da dalilin kwaikwayon janta da yamma. Wannan ne ya sa nake cewa mutanen gari ne suka raɗa wa kiɗan sunan teku.

Sabon sunan bai kashe tsohon nan take ba. A littafin David Copperfield na Charles Dickens, wanda ya kammala fitowa a 1850, akwai inda Mista Micawber, mutumin da bashi ya yi wa katutu, ya gama yi wa yaro nasiha a kan kashe kuɗi, sai ya kama fito da baki, kuma marubucin ya ce College Hornpipe yake fitowa. Ka ga shekara 21 bayan rawar Cooke, mai karatu a Landan yana gane kiɗan da tsohon sunansa ba tare da an yi masa bayani ba.

Jack kuwa laƙabi ne da Ingilishi ke kiran kowane matuƙi da shi. Sunan Jack's the Lad ya samu gindin zama ne a 1905, shekara biyu bayan Turawa sun ci Sakkwato, lokacin da jagoran makaɗa Henry Wood ya harhaɗa waƙoƙin teku don cikar shekara 100 da yaƙin ruwa na Trafalgar, ya sa kiɗan a ciki da wannan suna. Ya zama al'ada a daren ƙarshe na kaɗe-kaɗen Proms da BBC ke watsawa daga zauren Royal Albert: a fara shi a hankali, jama'a suna tafi suna buga ƙafa, makaɗa suna ƙara wuta har masu tafin su kasa bi.

Saboda haka idan tsohon suna kake so, College Hornpipe ne. Idan so kake a gane ka da sauri, ka ce Sailor's Hornpipe, amma ka sani wannan sunan rawa ne kafin ya zama na kiɗa, don haka kana iya cin karo da wani kiɗan dabam ɗauke da shi.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar jami'a a Dundaye: Baba, ina wuni. A wurinmu take yana da mai shi. Ɗan dambe ya ji takensa sai ya tsuma, kuma ba a ɗauke shi a ba wani. Su me ya sa suke canza wa kiɗa suna yadda suka ga dama? Wannan ba sata ba ce?

AMSA: Lafiya lau, 'yata. Kin taɓo wurin da ya fi burge ni a wannan fage. Su ma suna da abin da ya yi kama da take. Akwai Durang's Hornpipe, wanda wani makaɗi Bajamushe ya yi wa ɗan rawa John Durang a New York a 1785. Akwai Rickett's Hornpipe, mai ɗauke da sunan John Bill Ricketts, mai wasa da dawaki a Philadelphia a shekarun 1790. Bambancin shi ne a wurinsu kiɗan ba ya zama haramun ga kowa. Mai sunan yana raye ma ana kaɗa shi a bikin ƙauye, wanda bai taɓa jin labarinsa ba yana rawa. Take a wurinmu kira ne, ana nufin mutum da shi. Nasu kiɗan kayan rawa ne, sunan kuwa shaida ce da ake maƙala masa don a iya cewa a yi mana wancan. Abin da aka maƙala yana iya faɗuwa a maƙala wani.

Tun littafin farko na irin waɗannan raye-raye abin yake haka. A 1651 John Playford ya buga The English Dancing Master a Landan, kiɗa 105, kowane da bayanin yadda ake takawa, aka ci gaba da sake buga shi ana ƙari har wajen 1728. A cikinsa za ki ga an rubuta suna biyu da "ko" a tsakani. Wani ana ce masa Dargason ko Sedany. A bugu na baya akwai Sellenger's Round ko The Beginning of the World. Playford bai zaɓi ɗaya ya ce shi ne daidai ba, ya rubuta abin da mutane ke faɗa, kuma ina ganin ya kyauta.

Dalilan canjin suna da yawa. Akwai ciniki: a ƙarni na 18 shaguna irin na iyalin Thompson, kusa da majami'ar Saint Paul a Landan, suna fitar da ɗan littafi na sababbin raye-raye 24 kowace shekara, kuma sabon suna yana sayar da tsohon kiɗa. Akwai waƙa: a ɗora wa kiɗa baiti, sai a koma kiransa da layin farko na baitin. Akwai mantuwa, wadda ta fi kowanne yawa. Makaɗi ya ji kiɗa a kasuwar wani gari, ya riƙe shi a ka har gida, sunan ya ɓace masa a hanya, sai ya kira shi da sunan garin ko na wanda ya ji a wurinsa.

Misalin da na fi so shi ne Speed the Plough. Ana jingina shi ga John Moorehead, makaɗi a gidan wasa na Covent Garden, kuma ya fara fita ne a 1799 da sunan The Naval Pillar, wani wasa na yabon sojan ruwa. A 1800 aka sa shi cikin wasan Thomas Morton mai suna Speed the Plough, wato tsohuwar addu'ar manoma ta Allah ya ba garma sa'a. Wasan ya karɓu, kiɗan ya ɗauki sunansa ya fita ƙauye, ya haura Sikotilan da Ayalan, ya tsallaka Amurka. Yau wanda ya ji sunan sai ya ɗauka a bakin gona aka haife shi. Ki haɗa shi da wanda muka yi magana a sama: wancan ya fara da sunan kwaleji ya ƙare da na teku, wannan ya fara da na teku ya ƙare da na gona. Sunan kiɗa yana gaya miki inda ya yada zango ne, ba lalle ya gaya miki inda ya taso ba. Duk mai binciken da ya gina tarihi a kan suna kaɗai zai yi ɓatan kai.

Haka Soldier's Joy, wanda yake cikin littattafai tun tsakiyar ƙarni na 18, wasu kuma suna ce masa The King's Head. Mawaƙin Sikotilan Robert Burns ya ɗora masa baiti. Marubuci Thomas Hardy, wanda shi kansa mai goge ne ɗan mai goge, ya sa an kaɗa shi a walimar gama girbi cikin littafinsa Far from the Madding Crowd na 1874. A Amurka ƙungiyar Skillet Lickers ta ɗauke shi a faifai a 1929. Ingilishi suna cewa nasu ne, mutanen Sikotilan suna cewa nasu ne, Ba'amurke ɗan ƙauye kuma ya ɗauka na kakansa ne.

Batun sata kuwa, doka ta shigo a hankali. Dokar haƙƙin mallakar littafi ta Ingila ta 1710 ce, kuma sai a 1777, bayan mai tsara kiɗa Johann Christian Bach ya kai wani kamfanin buga takardun kiɗa ƙara, kotu ta ce dokar ta shafi kiɗa ma. Amma wannan kariya ce ga wanda aka san shi ya tsara. Kiɗan rawa da ba a san mai shi ba, babu wanda zai shigar da ƙara a kansa.

TAMBAYA, daga wani dattijo a Gwadabawa: Malam, wanga gogen Turawa da kake faɗi, shi da namu abu guda ne? Wa ya ɗauka wurin wani? Kuma ka san kirarin da aka yi mai, goge kan bidi'a. Mi ya kai ka ga wagga magana?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na san kirarin, na kuma san matsayin da goge yake da shi a idon mutanenmu, musamman saboda alaƙarsa da bori da gidajen da ba a son yaro ya leƙa. Hukuncin saurare na malamai ne, kuma Sakkwato ba ta rasa su ba. Ni tarihi aka tambaye ni, shi nake amsawa. Zai ba ka sha'awa ka ji cewa a Turai ma masu wa'azi da dama sun ƙi goge, har ana danganta shi da shaiɗan, saboda rawa da giya da ke biye da shi.

Dangi ne, amma ba abu guda ba. Namu ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta izgar doki, ana goga ta da ɗan baka shi ma na izga. Kukuma ƙanensa ne. Nasu akwati ne na katako mai tsirkiya 4, ana maƙale shi tsakanin haɓa da kafaɗa, bakansa shi ma gashin wutsiyar doki ne, kuma su ma suna shafa masa ƙaro don ya kama. Siffarsa ta yanzu a arewacin Italiya ta zauna a ƙarni na 16, a hannun masassaƙa irin su Andrea Amati na garin Cremona, garin da shahararren masassaƙin goge Antonio Stradivari ya yi aiki har mutuwarsa a 1737. Wanda ake kaɗawa a fadar sarki da wanda ɗan ƙauye ke kaɗawa a rumbu duk abu ɗaya ne, salon hannu ne ya raba su.

Ba su ɗauka wurinmu ba, ba mu ɗauka wurinsu ba. Masana sun fi karkata ga cewa dabarar goga tsirkiya da baka daga Asiya ta Tsakiya ta taso, ta bazu ta hannun Larabawa da Farisawa da Rumawan gabas. Rababar Larabawa ta shiga Turai ta Andalus da wasu hanyoyi, ta haifi wani ƙaramin goge a can. A wannan ɓangaren na hamada kuma akwai namu, akwai na Zabarmawa, na Fulani, na Dagwambawan Ghana, da imzad na Buzaye wanda mata ne ke kaɗa shi, har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2013.

TAMBAYA, daga wani matashi mai gyaran waya a Tsohuwar Kasuwa: Baba, kakana mai goge ne, ya rasu. Mun iske kwali cike da kasakasai nasa, mafi yawa ba rubutu a jiki. Wasu 'yan gida suna cewa a ƙone. Ya zan yi?

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, ya gafarta masa. Kada a ƙone. Ka lallashi manyanka da ladabi, ka ce su ba ka ajiyar, ko da ba za a kunna a gida ba.

Ka dubi duk abin da na iya faɗa a sama. Na iya cewa 1770, na iya cewa 1799, na iya bin kiɗa daga suna zuwa suna, don kawai wasu mutane sun zauna sun rubuta. Vickers ba wani babba ba ne. John Clare, wanda ya mutu a 1864, ɗan ƙodagon gona ne mai rubuta waƙa a ƙauyen Helpston, ya cika kundi da kiɗan gogen da ya koya, har da na wasu mutane masu yawo, da ake kira Gypsy, da ke sauka kusa da garinsu. Wani malamin kiɗa, Cecil Sharp, ya ga wasu masu rawa a Headington, kusa da Oxford, a ƙarshen 1899, ya kira makaɗinsu William Kimber ya rubuta kiɗan daga hannunsa, daga nan ya shiga ƙauyuka yana tarawa, yana sa sunan wanda ya ba shi, da garin, da ranar. Ya kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiya a 1911, kuma akwai gida mai sunansa a Landan, da ɗakin karatu a ciki, inda ake zuwa duba irin waɗannan takardu.

Mu ba mu zauna haka nan ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kayan kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aiki mai yawa a kan makaɗa da waƙoƙinsu. Jacqueline DjeDje ta buga littafi a 2008 a kan gogen Fulani da Hausawa da Dagwambawa. Amma ƙarfinmu ya fi tafiya wajen rubuta baitoci, kuma mawaƙan fada sun fi samun gata. Kiɗan da babu waƙa a kansa, wanda goge ne kaɗai ke magana, shi ne maraya. Na yi aiki a ɗakin ajiyar faifai na wani gidan rediyo, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne in ɗauko faifai in ga an rubuta "kiɗan goge" kawai. Ba sunan makaɗi, ba gari, ba shekara, ba wanda aka yi wa. Sautin yana nan garau, amma babu mai iya cewa na wane ne. Wasu kuma zafi da ƙura sun cinye su kafin a waiwaye su.

Ga abin da za ka yi, kuma sana'arka za ta taimake ka. Ka fitar da kwalin daga ɗakin kwano, zafin bazarar Sakkwato yana narkar da zaren kaset ya manne. Ka samu rediyo mai lafiya, ka goge kansa, ka gwada shi da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba tukuna. Kowane kaset ka ba shi lamba, kuma kunnawar farko ta zama ita ce ta ɗauka zuwa kwamfuta ko waya, domin tsohon zare yana iya tsinkewa a karo na biyu. Ka ajiye kwafi wuri biyu.

Sannan aikin da ya fi muhimmanci, kuma shi ne ba ya jira. Ka nemi waɗanda suka yi zamani da kakanka: 'yan amshinsa, masu buga masa ƙwarya, tsofaffin matan da suka halarci bukukuwan da ya yi. Ka je musu da goro, ka kunna musu, ka tambaya: wannan me ake ce masa, wa aka yi wa, a wane irin taro ake kaɗa shi, daga wa ya koya? Za ka ji wani ya ce sunansa kaza, wata ta ce a'a, a Wurno kaza muke ce masa. Kada ka raba gardamar. Ka rubuta duka biyun, da sunan wanda ya faɗa, da garinsa, da ranar da ya faɗa maka. In tsoho ya ce ya san kiɗan amma ba haka ake yinsa a Illela ba, ka roƙe shi ya rera maka da baki ka ɗauka.

In ka gama, ka kai kwafi ɗaya Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗaya kuma gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, tare da littafin da ka rubuta bayanan, kuma da yardar iyalin gidanku. Kwafi za ka bayar, kasakasan asali su zauna a hannunku.